Chartreuse: Sirrin Ganye 130 da Gwamnati Ta Kasa Ƙwacewa

Ranar 29 ga Afrilun 1903 sojojin Faransa suka hau wani kwari mai duhun itatuwa a tsaunukan da ke arewa da birnin Grenoble, suka ɓalle ƙofar gidan zuhudun da ake kira Grande Chartreuse, suka tasa ruhubanawan da ke ciki a gaba. Mutanen ƙauyukan kewaye sun taru suna nuna ɓacin ransu, amma bai hana komai ba. Wata doka ta 1901 ta wajabta wa kowace ɗarikar addini neman izinin zama daga majalisa, gwamnatin Émile Combes kuwa ba ta da niyyar barin a ba waɗannan. Aka rufe gidan. Aka karɓe masana'antarsu da ke gindin dutse, da tukwanen jan ƙarfe, da gangunan katako, har da sunan da suke sayar da hajarsu da shi, aka miƙa wa wani kamfani ya ci gaba da sana'ar. Kamfanin ya sami kwalba iri ɗaya, takarda iri ɗaya, ruwa daga tsauni ɗaya. A 1929 ya karye. Abin da ake zubawa a cikin kwalbar ya riga ya bi masu shi ya tsallaka iyaka, domin a kawunansu yake.

Hajar nan barasa ce, kuma ba ƙaramar barasa ba. Koriyar Chartreuse kashi 55 cikin 100 nata sinadarin maye ne zalla, alhali giyar kwalba da aka saba gani ba ta cika wuce kashi 5 ba, wiski kuma yakan tsaya wajen kashi 40. Ga mai karatu Musulmi hukuncinta a fili yake, babu wani adadin ganye da zai sauya shi. Abin da ya sa labarinta ya cancanci a zauna a kansa shi ne tambayar da ke ƙarƙashinsa: yaya aka yi mutanen da suka fi kowa gudun duniya a cikin Cocin Katolika suka zama masu ɗaya daga cikin sanannun hajojin Faransa, kuma me ya hana kasuwar cinye su?

Wanda ya kafa ɗarikar, Bruno, mutumin Cologne ne a Jamus ta yau, malami ne da ya yi suna a makarantar babban cocin Reims. Ya bar muƙami da ɗalibai, a 1084 ya zo wurin Bishop Hugh na Grenoble tare da abokai shida suna neman inda ba kowa. Aka kai su wannan kwari. Tsarin da suka bari ya haɗa halwa da zaman jama'a ta wata hanya da ba a saba ba. Kowane rahibi yana da ɗan gidansa mai ɗan lambu, a nan yake addu'a, yake karatu, yake faskaren icen da zai ji ɗumi, yake cin abinci shi kaɗai. Ta wata ƙaramar taga ake miƙo masa abincin. Cikin tsakar dare sukan tashi su haɗu a coci na sa'o'i biyu zuwa uku, su koma su kwanta. Ba sa cin nama ko da ciwo. Sau ɗaya a mako suke fita tattaki tare, nan ne bakinsu ke buɗewa. Dangi kan zo ziyara kwana biyu a shekara. Wani Bajamushe mai shirya fim, Philip Gröning, ya nemi izinin ɗaukar rayuwarsu a 1984, suka ce ba su shirya ba tukuna. Bayan shekara 16 suka aiko masa cewa ya zo. Fim ɗin ya fito a 2005, kusan sa'o'i uku, da ƙyar ake jin magana a ciki.

Irin wannan rayuwa tana da tsada, ko da yake ba ta yi kama da mai tsada ba. Rahibin Chartreuse ba ya wa'azi a gari, ba ya koyarwa a makaranta, ba ya jinya a asibiti, ba ya karɓar baƙi masu biya. Duk ƙofofin da sauran ɗariku ke samun abin sawa a baka su sun rufe su da gangan. Ga kuma gini a wurin da yanayi ba ya ragawa: a 1132 ƙanƙara ta gangaro daga dutse ta binne gidan farko ta kashe ruhubanawa, sannan gobara ta ci gidan sau takwas, ta ƙarshe a 1676. Shi ya sa tun farko ɗarikar ta kasu biyu, akwai limamai masu zaman halwa, akwai kuma 'yan'uwa masu aikin hannu da ke ɗauke musu nauyin duniya. Ɗaruruwan shekaru kiwo da katako da narkar da ƙarfe ne suka riƙe gidan. Barasar daga baya ta zo, ta gaji wannan aiki.

Ruwayar ɗarikar ta ce a 1605 wani babban soja, François-Annibal d'Estrées, ya ba ruhubanawan gidansu na Vauvert da ke gefen Faris, inda lambun Luxembourg yake a yau, wata tsohuwar takarda mai ɗauke da haɗin maganin tsawon rai. Ba a faɗi wanda ya rubuta ta ba. Tunda ba a taɓa baje ta a gaban masu bincike ba, duk mai ba da labarin daga bakin masu ita yake ɗauka, kuma ya kamata a riƙe shi a haka. Abin da ya fi ƙarfi a tarihi shi ne abin da ya biyo baya. Haɗin ya yi wa masu ɗakin maganin Vauvert wuya, sai a 1737 aka aika da takardar uwar gida a tsauni. Wani ɗan'uwa mai haɗa magunguna, Jérôme Maubec, ya share shekaru yana gwaji, kuma a 1764 aka tsayar da haɗin da har yau ake sayarwa da sunan Élixir Végétal. Shekara 159 ke nan tsakanin karɓar takarda da samun abin da za a iya dogara da shi, wanda ya nuna cewa mafi yawan ilimin ba a cikin takardar yake ba, a cikin hannayen da suka yi ta gwadawa yake.

Magani aka ɗauke shi a lokacin, kuma siffarsa ta magani ce har gobe: 'yar kwalba cikin kwanson katako don kada haske ya taɓa ta, ƙarfinsa kashi 69, ana ɗiga shi a kan ƙwayar sukari ko cikin ruwan zafi. Wani ɗan'uwa ne ke ɗora shi a bayan alfadari ya kai kasuwannin Grenoble da Chambéry. Dalilin shigar barasa cikin magungunan Turai na wancan zamani ba ɓoyayye ba ne. Ruwa ba ya iya janyo man da ke cikin ganye da saiwa da ɓawo yadda barasa ke yi, jiƙon ruwa kuma yakan lalace cikin kwanaki, na barasa ya shekara. Fasahar tatsa ta hanyar tururi ta bunƙasa a hannun masanan duniyar Musulmi irin su al-Kindi da al-Razi, waɗanda suka yi aiki da ita wajen turare da ruwan wardi da magunguna. Da littattafansu suka shiga Latin, likitocin Salerno da Montpellier suka karkatar da ita ga ruwan inabi, suka ɗauki abin da ya fito a matsayin uban magunguna. Gidajen zuhudu su ne ke da lambun ganye da ɗakin magani da masu iya karatu, don haka sana'ar ta sami gida a wurinsu.

Juyin juya halin Faransa na 1789 ya kusa kashe maganar. Aka kori ruhubanawa, dukiyar coci ta koma hannun hukuma. Wanda ke riƙe da takardar ya shiga kurkuku, ya samu ya zurara ta ga wani rahibi, Dom Basile Nantas. Shi kuma da ya fid da ran ɗarikar za ta sake tashi, ya sallama ta ga wani mai kantin magani a Grenoble mai suna Liotard. A 1810 Napoliyon, mai mulkin Faransa a lokacin, ya ba da umarnin a kawo wa ma'aikatar cikin gida duk wani maganin sirri don a duba amfaninsa ga ƙasa. Liotard ya aika. Aka dawo masa da ita da hatimin cewa an ƙi. Da ma'aikacin da ya duba ta ya ga wani abu a ciki, da tuni haɗin ya zama na kowa, a buga shi a littafin magunguna, a manta da shi. Ruhubanawa suka dawo gidansu a 1816, a matsayin 'yan haya a ginin da kakanninsu na ɗarika suka gina, kuma bayan mutuwar Liotard takardar ta koma hannunsu.

Talaucin da suka dawo suka tarar shi ya juya akalar. Gonaki da dazuzzuka sun tafi, ƙarfe ya daina ci. Wajen 1840 suka fito da abin sha iri biyu daga tushen maganin nan, mai sauƙin haɗiya, mai sukari: kore da rawaya. A nan ne, a ganina, aka tsallake wani layi wanda masu ba da labarin Chartreuse ba sa son tsayawa a kansa. Abin da ake ɗigawa a kan sukari don ciwon ciki ya zama abin da ake zubawa a kofi bayan cin abinci don daɗi. An ce hafsoshin sojan da aka girke a yankin a 1848 su suka yaɗa sunansa a bariki-bariki. Dom Louis Garnier, wanda ke kula da dukiyar gidan, ya tsara cinikin, ya sa hannunsa a kan kowace takardar kwalba don a bambanta ta da jabu, kuma har yau sa hannun yana nan. A shekarun 1860 aka sauko da aikin daga cikin gidan zuwa Fourvoirie, kusa da garin Saint-Laurent-du-Pont, saboda hayaniyar amalanke da 'yan kasuwa ta fara shiga halwa. Wannan mataki shi suka yi ta maimaitawa tun daga nan: duk lokacin da sana'ar ta yi girma, sai su ƙara nisanta ta da ƙofar ɗakinsu.

Kuɗi sun shigo sosai. Sun gina asibiti a Saint-Laurent-du-Pont, sun riƙe makarantar kurame a Currière, sun taimaka wa coci-coci da ƙauyuka, sun kuma gina wani ƙaton gida a Parkminster da ke kudancin Ingila saboda sun hango cewa zaman Faransa ba tabbas. Wannan arziki yana cikin abin da ya jawo musu idon 'yan siyasa masu adawa da coci, kuma shi ya sa talakawan yankin suka fito kare su a 1903.

Bayan korar, shugabancin ɗarikar ya koma Farneta kusa da Lucca a Italiya, masu haɗa barasar kuma suka kafa tukwanensu a Tarragona, a gaɓar tekun Sifen. Tunda an hana su sunansu a Faransa, masu saye suka koma neman ta da sunan garin. Sai shari'a ta ɓarke a ƙasashe da dama tsakanin ruhubanawa da Lecouturier, mutumin da kotun Faransa ta naɗa ya sayar da kadarorinsu. Kotun ƙoli ta Ingila a 1910 da ta Amurka a 1911 duk suka ba ruhubanawa gaskiya. Hujjar tana da ban sha'awa: a wurin mai saye, sunan Chartreuse yana nufin abin da waɗannan mutane suka haɗa da iliminsu, don haka wanda ya ƙwace gini bai sayi ikon kiran wani ruwa daban da wannan suna ba. Kamfanin da ya karɓi sunan a Faransa ya yi wa rogo kallon kitse. Da ya durƙushe, wasu 'yan kasuwar yankin suka saye hannayen jarinsa da araha suka miƙa wa ruhubanawa. Ba a daɗe da komawa Fourvoirie ba, a watan Nuwamban 1935, zaftarewar ƙasa ta rushe masana'antar cikin dare. Aka kwashe gangunan da suka tsira zuwa Voiron. Su ruhubanawan sai a 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, suka koma gidansu na tsauni. Tarragona ta ci gaba da aiki har 1989, kuma kwalaben da suka fito daga can yanzu masu tara kayan tarihi ke rububinsu a wurin gwanjo.

Yadda ake yin ta a yau sananne ne a dunƙule, ɓoyayye a filla-filla. Ganye da fure da saiwa da ɓawo da kayan ƙamshi iri 130 ake kawowa a bushe zuwa wani ɗaki a cikin gidan zuhudun, wasu daga tsaunukan Alps, wasu daga nesa. Ruhubanawa biyu da shugaban ɗarika ya zaɓa su kaɗai ke shiga su tsince, su niƙa, su auna, su haɗa kashi-kashi, su ɗure a buhuna masu lamba ba suna. Buhunan ake kai wa masana'anta, wadda tun 2018 take Aiguenoire a Entre-deux-Guiers, bayan da dokokin kariya daga gobara suka sa tara barasa mai yawa a tsakiyar garin Voiron ya zama matsala. A can ma'aikata 'yan gari ke jiƙa kowane kashi a cikin barasa, sannan a dafa a tukunyar jan ƙarfe. Sinadarin maye yana riga ruwa tashi, sai ya ɗauko ƙamshin ganyen ya bi bututu, ya huce, ya sauko fari tas. Ana haɗa waɗannan tatattun ruwaye da sukari, sannan a ƙara wani jiƙo na ƙarshe wanda ba a dafa ba, shi ke ba da launi. Masu ita sun ce ba a sa rini, kuma riƙe kore na ganye a cikin kwalba shekara da shekaru ba tare da ya koma ruwan ƙasa ba yana cikin abin da masu kwaikwayo suka fi shan wuya a kai. Daga nan sai gangunan itacen oak, inda take kwantawa shekaru har ruhubanawan su ɗanɗana su ce ta yi. Rumbun ƙasa na Voiron tsawonsa mita 164 ne. Akwai kuma wadda ake bari ta daɗe fiye da kima, mai alamar VEP, da aka fara fitarwa a 1963.

Mai shakka zai ce sirrin nan talla ne kawai, kuma yana da rabin gaskiya. Ɗakin gwaje-gwaje na zamani zai iya gano da yawa daga cikin sinadaran da ke kwalbar, masu hanci kuma sun daɗe suna lissafa abin da suke zato: na'ana'a, kirfa, kanumfari, gyaɗar ƙamshi, ɓawon lemo, wani ganye mai ƙamshin lemun tsami da Faransawa ke kira mélisse, saiwar angélique, da génépi, ɗan tsiron kan dutse wanda dangin tazargade ne. Amma sanin sunayen ba ya ba ka awo, ba ya gaya maka wanne ake dafawa da wanne, wanne ake jiƙawa kwana nawa, ko yadda za a gyara haɗin a shekarar da ganye ya zo da rauni. Kuma rashin yin rajistar haɗin dabara ce. Takardar mallakar fasaha tana buƙatar ka bayyana komai, bayan shekara 20 kuma kowa ya ɗauka. Abin da ba a bayyana ba ba ya da ranar ƙarewa, hanyar da Coca-Cola ma ta bi ke nan.

Ɓoye haɗin magani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Masu maganin gargajiya da wanzamai da 'yan magori sun san darajar riƙe baki, amma sau da yawa tsoho kan tafi da abinsa kabari saboda ɗan da ya yi niyyar ba wa ya tafi birni, ko kuma ya jira lokacin da bai zo ba. Ruhubanawan Chartreuse ba su fi su iya ɓoyo ba. Abin da suka fi su da shi magaji ne da ba ya yankewa. Sirrin mallakar ɗarika ne, mai riƙe da shi ba shi da mata ko 'ya'yan da zai bar wa, ba shi da aljihun kansa da za a cika masa, ya kuma yi alkawarin biyayya ga wanda zai ce masa lokaci ya yi da zai koya wa wani. Mutumin da ya zaɓi yin shiru kwana shida a mako ba shi da sauƙin saye.

Game da ɗanɗano, bayanin masu sana'ar ɗanɗanawa ya yi kusa da juna. Koriyar tana fara dukan hanci da ƙamshin ɗanyen ganye da ƙaron itacen fir, sai zaƙi ya zo da kauri, kafin ya gama sauka yaji irin na masoro da kanumfari ya taso, sanyin na'ana'a ya biyo, a ƙarshe a bar mutum da ɗan ɗaci mai daɗewa irin na shayin da ya jiƙu da yawa. Ƙarfin barasar yana ɗumama ƙirji, sukarin kuma yana rufe zafinta, wanda shi ne haɗarinta, domin ba ta nuna ƙarfinta a baki. Rawayar, mai kashi 43, ta fi laushi da zaƙi, ana jin zuma da za'afaran da kurkum da yansun. Ba wani ganye ɗaya da ke yin sarauta a cikinsu, shi ya sa mutum biyu kan kurɓa daga kwalba ɗaya kowa ya kira abin da ya ji daban, kuma ƙamshin yakan sauya yayin da kofin ke ɗumi a hannu. A galibi, dokar Tarayyar Turai ba ta yarda a kira abu da sunan rukunin barasa mai zaƙi da Chartreuse ke ciki ba sai yana da aƙalla giram 100 na sukari a lita, don haka zaƙin sharaɗi ne. A wuraren wasan ƙanƙara na Alps sukan zuba koriyar cikin cakulan mai zafi. Launin nata, tsakanin kore da rawaya, ya shahara har masu zane da ɗinki a Turai suka ba wannan launi sunanta.

Nasararta ta haifi 'yan kwaikwayo masu aron rawanin addini. Mafi shahara ita ce Bénédictine, wadda wani ɗan kasuwa, Alexandre Le Grand, ya fito da ita a garin Fécamp a 1863 da ganye 27, tare da labarin wani rahibi da ya haɗa ta a 1510. Ba rahibin da ya taɓa mallakar kamfanin, yau kuwa yana hannun kamfanin Bacardi. Akasin haka akwai Buckfast, ruwan inabi mai ƙarin barasa da sinadarin kafeyin wanda ruhubanawan gaske suka fara yi a Devon ta Ingila. Ya zama abin shan matasa marasa galihu a yammacin Sikotilan, har wani binciken BBC na 2010 ya gano sunansa a rahotannin 'yan sanda fiye da 5,000 cikin shekara uku a yankin Strathclyde. Tsadar Chartreuse ta kare ta daga irin wannan suna, amma tsada ba ta wanke tambayar.

Kiristanci bai haramta ruwan inabi ba, yana cikin ibadar Katolika ma, abin da ya hana shi ne maye. Ƙa'idar Benedict, wadda aka rubuta a ƙarni na 6 kuma yawancin gidajen zuhudun Turai suka bi daga baya, ta ware wa rahibi ɗan awo a rana, tana mai nuna cewa barinsa ya fi. Don haka a ma'aunin addininsu ruhubanawan Chartreuse ba su saɓa ba. Musulunci ya rufe wannan ƙofa har ta fuskar magani: a hadisin Ɗariƙ ɗan Suwaid da ke Sahih Muslim, da ya ce don magani yake haɗa giya, Manzon Allah (SAW) ya hana shi, ya bayyana masa cewa ita kanta cuta ce. Likitancin zamani ya kau da da'awar tsawon rai daga wata hanyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, ta kuma ce babu wani awo da za a kira marar illa. Ganye 130 ba sa rage ko ɗigo daga kashi 55 ɗin nan. Kamfanin Chartreuse Diffusion, wanda ke tallata hajar a madadin ɗarikar tun 1970, ba ya sayar da koriyar ko rawayar a matsayin magani, amma hoton rahibi da tsohuwar takarda suna yin wannan aikin a zuciyar mai saye ba tare da an furta ba.

Sabuwar jarrabawa ta zo musu ne ta hanyar farin jini. A farkon shekarun 2000 wani mai haɗa abin sha a Seattle, Murray Stenson, ya tono wani tsohon haɗi na birnin Detroit mai suna Last Word wanda koriyar Chartreuse ke ciki. Ya bazu a mashayun Amurka, zaman gida na lokacin korona ya ƙara masa wuta, buƙata ta wuce abin da ake samarwa duk da cewa ana fitar da kwalba fiye da miliyan ɗaya a shekara. Kowane kamfani a wannan hali tukwane zai ƙara. A watan Janairun 2023 dillalai suka sami wasiƙa cewa tun 2019 ruhubanawa sun yanke shawarar ba za su ƙara yawan abin da suke yi ba. Dalilan da aka bayar su ne kare rayuwarsu ta addu'a da kaɗaici, da rage nauyin da sana'ar ke ɗora wa ƙasa, tunda wasu tsiran ba su da yawa kuma sauyin yanayi yana taɓa su. Aka koma rabon kaso ga kowace ƙasa, farashi ya tashi, kantuna a Amurka suka riƙa ƙayyade kwalba ɗaya ga mutum ɗaya.

Wasu sun ce wayo ne, ƙarancin kaya yana ƙara masa daraja, kuma lallai ya ƙara. Ni dai ina ganin lissafin ya fi haka sauƙi. Ɗarikar tana da gidaje kusan 20 a duniya, maza da mata, daga Turai zuwa Amurka da Koriya ta Kudu, da 'yan ɗaruruwan mutane waɗanda yawancinsu sun manyanta. Abin da suke buƙata shi ne rufi, da abinci, da jinyar tsofaffi. Ba su da masu hannun jari da ke jiran riba ta ƙaru kowace shekara. Kuma tunda kowane buhu sai ya bi ta hannun mutum biyu, ninka kaya yana nufin ɗaya daga abu biyu: ko a ninka sa'o'in da mutanen nan ke yi a wajen ɗakin halwarsu, ko a shigo da wasu cikin sirrin. Na farko yana rusa dalilin yin sana'ar, na biyu yana rusa abin da ya cece ta a 1903. A 'yan shekarun nan ɗarikar ta ƙara mai da hankali ga noman tsiran magani a filayen gidajenta, kamfanin kuma ya fara sayar da haɗin shayin ganye wanda babu barasa a cikinsa.